Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Ko Takardun XML Biyu Abu Ɗaya Ne

Ga layi biyu na XML, wato tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi. A dube su da kyau kafin a wuce:

`<littafi lamba="0042" harshe="ha"/>`

`<littafi harshe='ha' lamba='0042'></littafi>`

In aka ba kwamfuta su ta kwatanta harafi da harafi, nan take za ta ce sun bambanta, kuma ba ta yi ƙarya ba: ko tsawonsu bai zo ɗaya ba. Amma duk manhajar da ke karanta XML bisa ƙa'ida abu ɗaya tak za ta fahimta daga kowanne, wato gaɓa ce mai suna littafi, mai sifofi biyu, ba komai a cikinta. To ga wasu biyun kuma:

`<littafi lamba="0042"/>`

`<LITTAFI LAMBA="0042"/>`

Waɗannan a wurin XML ba su haɗa komai ba, domin ƙa'idar ta bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana a cikin sunaye. Sai dai idan a CFML, harshen rubuta shirye-shirye na ColdFusion, aka gwada su da `EQ` mai duba daidaito, wato aka rubuta `<cfif na_farko EQ na_biyu>`, amsar da za a samu ita ce ɗaya ne. Gwaji ɗaya, kuskure iri biyu: ya yi kururuwa inda babu ɓarna, ya yi shiru inda aka yi ta. Na biyun ne ya fi tayar mini da hankali, domin kururuwar banza lokaci kawai take ci, shirun kuwa shi ne ke barin kuskure ya fita ya isa hannun mai karɓar saƙo.

Dalilin da ya sa batun ya fi zafi a harsunan da ake rubuta su da alamomi yana cikin asalinsu. ColdFusion, injin da ke gudanar da CFML, ya fito a 1995 daga kamfanin Allaire, shekara uku kafin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta tabbatar da XML 1.0 a watan Fabrairun 1998. An ƙirƙire shi ne don ya riƙa fitar da shafukan HTML, shi ya sa umarninsa ma suka ɗauki kamannin HTML: `<cfif>`, `<cfloop>`, `<cfoutput>`. Tsarinsa shi ne duk abin da ba umarni ba ne a cikin fayil, a tura shi waje yadda yake. Ga HTML wannan ba ya cutarwa, domin burauza tana da haƙuri, tana haɗiye sarari, ba ta damu da girman baƙi ba. Da Macromedia ta sayi Allaire a 2001, ta sake gina harshen a kan Java a ColdFusion MX na 2002, sai aka shigo da `<cfxml>` da `XmlParse` da `XmlSearch` da `XmlTransform`. Kayan aikin XML sun iso, amma halin harshen na sassauci bai canza ba, har Adobe ta gaje shi a 2005, har Lucee, wani injin da shi ma ke gudanar da CFML, ya fito a 2015. Harshe mai yafiya ne aka sa ya riƙa rubuta takardun da ba su san yafiya ba, kuma a tsakanin waɗannan halaye biyu ne gwaje-gwaje suke faɗawa rami.

Ni na koyi wannan ne a kan aiki. Akwai wani tsohon shiri da ke ɗauko bayanan littattafai daga rumbun bayanai ya mayar da su XML ya tura wa wata sabar. An ba ni in gyara shi ba tare da na canza abin da yake fitarwa ba. Na adana abin da tsohon yake fitarwa a fayil, na sake rubuta shirin, na kwatanta sabo da tsoho da `EQ`, gwaji ya ce komai lafiya. Ashe a sabon rubutun na tara bayanan a cikin `struct`, ma'ajiyar da ke riƙe kowace ƙima a ƙarƙashin wani suna da ake kira mabuɗi, ta hanyar ɗigo, wato `bayani.lamba`, sannan na zagaya kan mabuɗan ina gina sunayen sifofi da su. CFML kuwa a tsarinsa na asali yana mayar da irin wannan mabuɗi manyan baƙaƙe. Abin da ya fita `LAMBA` ne a wurin `lamba`. Sabar da ke karɓa ba ta ƙi takardar ba, domin takardar ba ta karya nahawun XML ba. Neman `lamba` ta yi, ba ta gani ba, sai ta adana kowane littafi ba lamba. An yi kwanaki kafin a farga. Gwajina yana nan yana nuna nasara duk tsawon lokacin, domin tambayar da na yi masa ba ita ce tambayar da nake zaton na yi ba.

Maganin wannan ɓangaren gajere ne: `Compare(a, b)` yana lura da girman baƙi, yana mayar da 0 in jerin haruffan biyu sun yi daidai ƙwarai. Masu amfani da kayan gwaji su ma su kula, domin a MXUnit `assertEqualsCase` daban yake da `assertEquals`, a TestBox kuma `toBeWithCase` daban yake da `toBe`. Ba a banza aka yi su bibbiyu ba.

To amma an gudu ne ba a tsira ba. Da zarar an koma kwatancen harafi da harafi, sai ɗayar ƙofar ta buɗe, gwaji ya shiga faɗuwa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idar XML ta faɗa a fili cewa jerin sifofi a cikin alamar buɗewa ba shi da ma'ana, kowace na iya zuwa gaba ko baya. Kuma wannan jerin yana iya canzawa ba tare da kowa ya taɓa shirinsa ba. Misalin da kowa zai iya bincikawa ya faru a Python: kafin sigar 3.8, `ElementTree`, kayan aikinsa na XML, yana jera sifofi bisa abacada in zai rubuta su, daga 3.8 ta 2019 sai ya koma barinsu yadda mai shiri ya shigar da su. Duk gwajin da ya dogara da tsohon jerin ya faɗi ranar da aka sabunta harshen, alhali takardun ba su canza ma'ana ko kaɗan ba. A CFML `struct` na gama-gari ma bai yi wa kowa alkawarin jeri ba, don haka wanda ya ɗauke shiri daga wannan inji ya kai wancan yana iya ganin sifofinsa sun sauya wuri.

Bayan jeri akwai alamar zance, mai ƙwaya ɗaya ko mai biyu. Akwai gaɓar da ba komai a cikinta, wadda za a iya rufe ta a wuri ɗaya ko a buɗe a rufe. Akwai layin gabatarwa na `<?xml version="1.0" encoding="UTF-8"?>`, wanda wata hanyar ke sakawa wata ba ta sakawa. Akwai ƙarshen layi: Windows tana rufe layi da haruffa biyu ɓoyayyu, Linux da ɗaya, makarancin XML kuwa, wato shirin da ke karanta takardar, an wajabta masa ya mayar da su duka iri ɗaya kafin ya miƙa rubutun. Sai kuma haruffa kansu. Kalmar "ƙasa" za a iya rubuta ta haka kai tsaye, inda ƙ zai ci bayit biyu a tsarin haruffa na UTF-8, ko a rubuta `&#409;asa`, ko `&#x199;asa`. Duk ukun kalma ɗaya ce bayan an karanta. Haka `a &lt; b` da `<![CDATA[a < b]]>`, rubutu ɗaya suke ɗauke da shi; CDATA hanya ce ta saka rubutu yadda yake ba tare da an ɗauke shi a matsayin alama ba. A nan zan ɗan ratse in ce duk mai gwada shirin da ke fitar da XML ya sa ƙ da ɗ da ɓ a cikin bayanan gwajinsa. Idan a wani wuri a hanya an bi da rubutun ta tsarin haruffan da bai san su ba, irin su windows-1252, za su koma alamar tambaya, kuma wannan bambanci ne na gaske da ya kamata gwaji ya kama. Bayanan gwajin da ba su wuce a zuwa z ba ba za su taɓa tona shi ba.

Illar gwaji mai yawan faɗuwa a banza ta wuce ɓata lokaci. Tana lalata tarbiyyar masu aiki. Mutum ya ga ja, alamar gwaji ya faɗi, sau ɗaya, ya bincika, ya tarar sifofi ne suka yi musayar wuri. Ya ga na biyu, sarari ne ya ƙaru. A karo na biyar ba zai bincika ba, zai kwafi abin da shirin ya fitar ya liƙa a matsayin abin da ake tsammani, gwaji ya koma kore, ya ci gaba da harkarsa. Ranar da lauje zai zo cikin naɗi, da hannunsa zai sa masa hatimin amincewa.

Dabarar farko da yawancin masu CFML ke yi ita ce su karanta takardun biyu da `XmlParse`, su sake mayar da kowacce rubutu da `ToString`, sannan su kwatanta. Dabara ce mai kyau, kuma tana share rabin matsalar, domin takardun biyu sun bi ta ƙofa ɗaya sun fito da sutura iri ɗaya: alamar zance ta daidaita, layin gabatarwa ya daidaita, gaɓar da ba komai ta ɗauki siga ɗaya. Akwai kuma ribar da ba a cika ambata ba, wato in takardar ta karya nahawu, a nan za ta tsaya. Wanda ya taɓa gina XML a cikin `<cfsavecontent>` ya san saƙon nan mai cewa `The processing instruction target matching "[xX][mM][lL]" is not allowed`. Ba wani abu ba ne illa sabon layi guda da ya rigayi layin gabatarwa, alhali ƙa'ida ta ce shi ne zai zo farkon fari, ba ko da sarari ɗaya a gabansa. `Trim`, mai datse sararin farko da na ƙarshen rubutu, yana maganinsa. Amma a kula, in a cikin gwajin ne kawai aka sa `Trim`, an ɓoye ciwon ne, domin shirin zai ci gaba da tura wa mai karɓa takardar da makarancinsa zai ƙi.

Abin da wannan dabara ba ta taɓawa shi ne sararin da ke tsakanin gaɓoɓi, kuma a nan ne batun ya fi zurfi. A duba wannan:

```
<cfsavecontent variable="sakamako">
<cfoutput>
<jeri>
  <cfloop query="littattafai">
    <littafi lamba="#lamba#"/>
  </cfloop>
</jeri>
</cfoutput>
</cfsavecontent>
```

Kowane zagaye na `<cfloop>` yana zubar da sabon layi da 'yan sarari gaba da bayan `<littafi>`. Idan wani ya zo ya matsar da layin ciki kaɗan don ya yi kyan gani, abin da ke fita ya canza. Mutane da yawa suna ɗauka makarancin XML yana watsar da wannan sarari. Ba ya watsarwa. Ƙa'ida ta ce ya miƙa wa manhaja duk harafin da ba alama ba ne, don haka a cikin bishiyar da ya gina, wato tsarin gaɓoɓin takardar reshe-reshe, kowane giɓi tsakanin gaɓa da gaɓa yana nan a matsayin ɗan rubutu mai zaman kansa. `<jeri>` mai littafi uku yana iya samun 'ya'ya uku a wata takarda, ya sami bakwai a wata, huɗu daga ciki sarari zalla.

Sai mutum ya ce, to a share duka mana. Ga inda garin neman gira ake rasa ido:

`<bayani><karfi>Ruwan</karfi> <karfi>sama</karfi></bayani>`

Sararin nan guda da ke tsakanin gaɓoɓin biyu shi ma sarari zalla ne. A share shi, "Ruwan sama" ya koma "Ruwansama". A takardar da ke ɗauke da bayanai jere-jere, sarari ado ne. A takardar da ke ɗauke da jimlolin mutane, sarari ɓangare ne na magana. Makaranci ba shi da hanyar sanin wace iri ce a hannunsa sai in an ba shi DTD ko tsarin takardar da ya bayyana cewa wannan gaɓa gaɓoɓi kaɗai take ɗauka. Shi ya sa `setIgnoringElementContentWhitespace(true)` na Java yake ba mutane mamaki: suna kunna shi su ga bai yi komai ba, domin ba ya aiki sai makarancin ya san tsarin takardar. Akwai kuma `xml:space="preserve"`, wanda marubucin takarda ke sawa don ya ce kada a taɓa masa sarari a wannan wuri. Duk mai sharewa ya kamata ya mutunta shi. `<xsl:strip-space elements="*"/>` na XSLT, harshen sauya fasalin takardun XML, yana mutunta shi, kuma ana iya kiransa ta `XmlTransform`; amma dabarar da ake yawan gani ta share duk sararin da ke tsakanin `>` da `<` da `REReplace` ba ta san da zamansa ba, kuma tana iya kutsawa har cikin CDATA ta yi ɓarna. Ni ba na amincewa da ita.

Wannan matsala ta daidaito ta dami masu tsara XML tun da wuri, ba don gwaji ba, sai don sa hannu na lantarki. In aka sa wa takarda hannu, ta bi ta wata manhaja da ta sauya jerin sifofinta, sa hannun zai lalace alhali ba a taɓa ma'ana ba. Don haka W3C ta fitar da Canonical XML 1.0 a watan Maris na 2001, wanda ake taƙaitawa da C14N. Aikinsa shi ne ya mayar da kowace takarda zuwa daidaitacciyar siga guda: komai a UTF-8, a cire layin gabatarwa da DTD, kowace gaɓa a buɗe ta a rufe ta ko da ba komai a ciki, alamar zance mai ƙwaya biyu, CDATA ya koma rubutu na yau da kullum, `&#409;` ya koma ƙ, sifofi kuma su jeru bisa tsari ƙayyadadde. In sigogin biyu da suka fito suka yi daidai bayit da bayit, to takardun ɗaya ne ba shakka. `xmllint --c14n` yana yin wannan daga layin umarni, kuma fa'idarsa babba ita ce abin da ya fito rubutu ne da za a iya sa wa `diff`, mai kwatanta fayiloli layi-layi, a ga ainihin inda aka rabu.

Sai dai a fahimci iyakarsa. In sigogin suka yi daidai, magana ta ƙare. In suka bambanta, ba a tabbatar da komai ba tukuna. C14N 1.0 ba ya share sararin da ke tsakanin gaɓoɓi, da gangan, saboda dalilin "Ruwansama" ɗin nan. Kuma ba ya taɓa laƙabin dangin suna. Wannan na biyun yana buƙatar bayani. Tun 1999 aka ba XML hanyar bambanta sunaye masu kama da juna ta hanyar jingina kowanne ga wani adireshi. `<a:littafi xmlns:a="urn:misali"/>` da `<b:littafi xmlns:b="urn:misali"/>` da `<littafi xmlns="urn:misali"/>` duk suna ɗaya ne, domin adireshin shi ne asali, `a` da `b` laƙabi ne kawai da marubuci ya ga dama ya zaɓa. Manhajojin da ke ƙirƙiro laƙabi da kansu, irin su `ns1` da `ns2`, suna iya sauya su daga fitarwa zuwa fitarwa. To me ya hana C14N ya daidaita su? Abin da ya hana shi ne laƙabi yakan ɓuya a cikin ƙimar sifa, kamar `xsi:type="a:labari"`, ko a cikin wata jimlar XPath, harshen nuna wuri a cikin takardar XML, da ke kwance a rubutu. In aka sauya shi a sunayen gaɓoɓi aka bar shi a can, an yi gyaran gangar Auzinawa. Siga ta 2.0 ta zo da zaɓin sauya laƙabi da na datse sarari, amma a matsayin zaɓi da mai amfani zai kunna da saninsa, kuma ita ce `canonicalize` na Python 3.8 yake bi. Akasin batun laƙabi kuma ya fi haɗari: `<littafi>` marar dangi da `<littafi xmlns="urn:misali">` a ido kusan ɗaya ne, amma sunaye ne mabambanta, kuma mai karɓar da ke neman na biyu ba zai ga na farko ba.

Ɗaya hanyar ita ce a bar rubutu gaba ɗaya a kwatanta bishiyoyin. A nan akwai abin da nake ganin ya fi komai koyarwa a wannan batu: manyan kayan aiki uku, kowanne ƙwararru ne suka tsara shi, kuma ba su yarda da juna a kan ma'anar daidai ba. `isEqualNode`, wanda ya zo da DOM mataki na 3, ƙa'idar W3C ta sarrafa bishiyar takarda, a 2004 kuma ana iya kaiwa gare shi daga CFML ta hanyar Java, ba ya damuwa da jerin sifofi, amma yana ƙirga laƙabi, yana ƙirga tsokacin da ke cikin `<!-- -->`, kuma yana ɗaukar CDATA daban da rubutu sai in an kunna `setCoalescing(true)` tun wajen karantawa. `deep-equal` na XPath 2.0, wanda aka tabbatar a 2007, yana kau da kai daga laƙabi, kuma ba ya ƙirga tsokaci a cikin 'ya'yan gaɓa. XMLUnit kuwa, tarin kayan aikin Java da aka yi musamman don wannan aiki, bai ma yarda amsar guda ce ba: yana da `checkForIdentical` da `checkForSimilar`, na farko mai tsanani, na biyu mai yafe laƙabi da CDATA da wasu abubuwa. Takardu biyu na iya cin gwaji ɗaya su faɗi ɗayan, kuma babu wanda ya yi kuskure cikin kayan aikin.

Cikin abubuwan da `checkForSimilar` yake yafewa a tsarinsa na asali akwai jerin 'ya'ya, kuma wannan sai an yi hattara. A XML jerin gaɓoɓi yana da ma'ana, saɓanin jerin sifofi. Ko mai karɓa ya damu da shi, wannan wata magana ce. Jerin littattafan da aka ɗauko daga rumbun bayanai ba tare da umarnin jerawa na `ORDER BY` ba yana iya zuwa a kowane tsari, kuma ƙila babu ruwan kowa. Amma matakan wani aiki da za a bi ɗaya bayan ɗaya, ko gaɓoɓin da tsarin takarda ya ɗaure da `xs:sequence`, in suka sauya wuri an ɓata takardar. A takarda ɗaya ana iya samun iri biyun, don haka umarnin da ya ce a yafe jeri ko'ina bai dace ba, sai a ware a ce a nan a yafe, a can kada a yafe. Inda kuma jerin ya zo bazata saboda rashin `ORDER BY`, na fi son a gyara shirin ya riƙa fitar da jeri tabbatacce a kan a koya wa gwaji haƙuri.

Daga nan sai ƙimomin kansu, inda babu kayan aikin da zai yanke hukunci a madadin mutum. `10.50` da `10.5` lamba ɗaya ce in adadi ake nufi. `0042` da `42` ba ɗaya ba ne in lambar shaida ake nufi. Lokacin da aka rufe da `Z` da wanda aka rufe da `+00:00` lokaci ɗaya ne. A tsarin takardu na W3C, `true` da `1` duk gaskiya suke nufi, amma `YES` ba ya cikin halattattun ƙimomi, alhali shi ne ColdFusion ke bugawa in aka fitar da sakamakon kwatance kai tsaye, Lucee kuwa ya buga `true`. Wanda ya zauna ya rubuta nasa aikin mai bin bishiya reshe-reshe, yana kwatanta `XmlName` da `XmlAttributes` da `XmlText` da `XmlChildren`, ya yi abu mai kyau, amma in ya sa `EQ` a tsakiyarsa, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. A matakin ƙima guda-guda `EQ` ya fi yin ɓarna, domin in ya ga ɓangarorin biyu za su iya zama lamba sai ya mayar da su lamba: `"0042" EQ "42"` gaskiya ne, `"yes" EQ "true"` ma gaskiya ne. Ga shi kuma `XmlParse` kansa, in ba a kunna masa `caseSensitive` ba, yana barin a nemo gaɓa da suna ba tare da kula da girman baƙi ba. Har ila yau `XmlText` yana tattaro rubutun gaɓa wuri ɗaya, `XmlChildren` kuma gaɓoɓi kaɗai yake bayarwa, don haka in rubutu da gaɓoɓi suka cakuɗe, wannan hanya ba za ta ga inda kowanne ya faɗo ba. `XmlNodes` ne ke nuna su a jere yadda suke.

Akwai ƙimomin da ba za su taɓa maimaituwa ba, kamar lokacin da aka fitar da takarda ko lambar da `CreateUUID` ya samar. Mafi sauƙi shi ne a cire su kafin kwatance, amma wanda ya cire ya daina gwada su ke nan. Gara a tsara shirin yadda gwaji zai iya miƙa masa tsayayyen lokaci da tsayayyiyar lamba. In hakan bai yiwu ba, a gwada siffarsu daban kafin a maye gurbinsu. Ba ƙaramin abu ba ne: `CreateUUID` yana fitar da rukuni huɗu na 8 da 4 da 4 da 16, alhali sigar da sauran duniya ta saba da ita rukuni biyar ne na 8 da 4 da 4 da 4 da 12, kuma mai karɓar da ke tantance siffa zai ƙi na farkon.

`XmlValidate` ba ya maye gurbin komai a cikin wannan. Yana faɗa ne ko takarda ta bi tsari, ba ko ta faɗi abin da ake so ba. Haka kwatanta `Hash` na takardu biyu, wato gajeriyar lambar da ake lissafowa daga rubutun kowacce, kwatancen harafi da harafi ne ya sauya riga, har ma ya fi muni, tunda in ya faɗi ba ya nuna inda aka rabu.

Yadda nake yi yanzu, kafin in rubuta layin gwaji ko ɗaya, nakan zauna in amsa tambayoyi game da mai karɓa, in rubuta amsoshin a saman fayil ɗin gwajin: sarari yana da ma'ana a wannan takarda ko babu, a waɗanne gaɓoɓi jeri yake da muhimmanci, wace ƙima ce lamba wace ce shaida, laƙabi yana ɓuya a cikin wata ƙima ko a'a. Wani lokaci amsar takan zama cewa mai karɓan tsohuwar manhaja ce da ba ta bin ƙa'ida, tana yanka rubutu ne da neman `<littafi lamba="` harafi da harafi. A irin wannan hali jerin sifofi ya zama doka ko da W3C ta ce ba kome, kuma `Compare` a kan ɗanyen rubutu shi ne gwajin da ya dace. Inda kuwa mai karɓa makarancin XML ne na sosai, nakan karanta takardun biyu, in share sarari a gaɓoɓin da na ware kaɗai, in mayar da su daidaitacciyar siga, sannan in kwatanta da `Compare`. In gwajin ya faɗi, ina so ya gaya mini wurin, misali `/jeri/littafi[3]/@lamba`, da abin da aka yi tsammani da abin da aka samu, domin saƙon da ya ce "ba su yi daidai ba" a kan takarda mai layi dubu shi ne ke tura mutum ga kwafa da liƙawa.

Sannan nakan gwada shi kansa mai kwatancen, abin da ban yi ba a wancan aikin na littattafai. Ina ajiye takardu bibbiyu da na san amsarsu. Rukuni ɗaya dole a ce ɗaya ne: sifofi a juye, gaɓa a rufe iri biyu, ƙ da `&#409;`, laƙabi `a` da laƙabi `b`. Ɗayan rukunin dole a ce sun bambanta: `0042` da `42`, "Ruwan sama" da "Ruwansama", ƙ da alamar tambaya, gaɓa mai dangi da marar dangi, matakai biyu da aka yi wa musayar wuri. Duk lokacin da aka sabunta injin, ko aka taɓa aikin kwatancen, waɗannan su ke fara gudu kafin kowane gwaji. Na farko a jerin rukuni na biyu shi ne `lamba` da `LAMBA`.